Yaƙi da 'yan bindiga a wasan waya: akwai darasi ga 'yan fim

Matashin Bungudu ba sai an ba shi labarin ɗan bindiga ba. Hatta Sarkin Bungudu, Alhaji Hassan Attahiru, sai da aka sace shi a hanyar Kaduna zuwa Abuja cikin Satumbar 2021. To, yaya ake mayar da irin wannan masifa wasan waya?

Kamfanin Ndemic Creations na Ingila ya gwada a 2018 da wasan Rebel Inc., wanda ya kwaikwayi yaƙin Afganistan. Mai wasa shi ne gwamna. Kuɗi kaɗan, buƙatu rututu: asibiti, makaranta, ruwan sha, titi, ga kuma sojoji. In ya yi ta watsa kuɗi barkatai, cin hanci ya yi katutu, kaya su yi tsada. In ya manta da talaka, mutuncinsa ya zube, shi ke nan wasa ya ƙare. In kuwa ya fatattaki 'yan tawaye bai yi masu ƙawanya ba, sai su tsallaka yankin maƙwabta.

Bazamfare ya san wannan. Da aka toshe layukan waya aka rufe kasuwannin mako a 2021, 'yan bindiga da dama Sakkwato da Katsina suka kwarara.

A shekarar ce Hukumar Tace Finafinai ta Kano ta hana nuna garkuwa da mutane a fim. Amma fa wasan ya nuna ko babu bindiga a allo, akwai labari: manomin da gona ta gagare shi, da uwar da ke jiran ɗanta. Saura furodusan da zai ɗauka.