Abin Da Ya Sa Batun Bindiga Ke Da Nauyi A Zaɓen Fidda Gwani Na Amurka

A zaɓen fidda gwani na shugaban Amurka, 'yan gani-kashe-nin jam'iyya ne suka fi fitowa jefa ƙuri'a, shi ya sa ɗan takarar Republican ba ya wasa da batun bindiga. Ga masu ra'ayin rage ikon gwamnati, irin su Ron Paul da ya nemi tikitin a 2008 da 2012, gyara na biyu na tsarin mulki, na 1791, garkuwar talaka ce daga hukuma. A 2008 Kotun Ƙoli ta tabbatar da 'yancin mutum na ajiye bindiga a gida, alƙalai 5 kan 4.

Sai dai ko 'yan jam'iyyar ba su tsira daga sukarsu ba: gwamnatin Trump ce ta haramta na'urar ƙara saurin harbi a 2018, kotu ta soke haramcin a 2024.