Igiyar Rediyo da Wutar da Ta Fi Cikin Rana Zafi

Karkarar da ke arewacin birnin Kano, daga Ungogo da Minjibir har zuwa Bichi da Ɗambatta, tana cikin yankunan da suka fi cunkoson manoma a Afirka ta Yamma, inda ake noma gona guda kowace damina ba tare da an bar ta ta huta ba, ana riƙe ƙarfinta da takin dabbobi da tokar murhu. Tun a 1965 masanin labarin ƙasa Michael Mortimore da abokin aikinsa suka wallafa nazari kan wannan yanki a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya. Makamashin da ke riƙe da rayuwa a nan, wato geron da ke rumbu da karan da ake hura wuta da shi da itacen da ake sassabowa daga bishiyoyin gona, duk daga hasken rana ya samo asali, shi kuwa hasken rana yana fitowa ne daga haɗewar ƙwayoyin zarra a tsakiyarta. Tun daga shekarun 1950 masana kimiyya suke ƙoƙarin kunna irin wannan wuta a doron ƙasa, kuma ɗaya daga cikin manyan makamansu shi ne igiyar rediyo, wadda mutanen waɗannan ƙauyuka suka fi sani da kawo labaran duniya da asuba.

Kowace ƙwayar zarra tana da cibiya mai nauyi, da wasu 'yan ƙananan ƙwayoyi masu ɗauke da lantarki da ke kewaye da ita, waɗanda ake kira ilektaron. Idan aka zafafa iska har ta wuce wani mataki, ilektaron sukan kuɓuce daga cibiyoyinsu, sai a sami wata gauraya mai gudanar da lantarki, mai kuma bin umarnin maganaɗisu, wadda Irving Langmuir na Amurka ya raɗa wa suna filasma a 1928. Walƙiyar da ke tsaga sama a farkon damina filasma ce, haka ma shuɗin hasken da ke tashi a bakin sandar mai walda. Abin da ake nema shi ne a sa cibiyoyin nau'i biyu masu nauyi na iskar haidirojin, wato diyutiriyam da ake tacewa daga ruwa da tiritiyam da ake samarwa daga ma'adinin litiyam, su yi karo su manne, su zama hiliyam, su saki makamashi mai yawa. Cikas ɗin shi ne cibiyoyin suna tunkuɗe juna, ba sa haɗuwa sai da gudu mai tsanani, gudun kuwa shi ne zafi. A tsakiyar rana digiri miliyan 15 ya wadatar saboda tsananin nauyin da ke danne komai, amma a doron ƙasa, inda babu wannan danniya, ana bukatar kusan digiri miliyan 150.

Babu ƙarfen da zai iya riƙe abu mai wannan zafi, don haka ake tsare filasma da maganaɗisu a cikin wani ɗaki mai siffar zobe da aka zuƙe iskar cikinsa, ta riƙa zagayawa ba tare da ta taɓa bango ba. Wannan na'ura ita ce tokamak, wadda Igor Tamm da Andrei Sakharov suka fara tsarawa a Tarayyar Sobiyet, kuma duniya ba ta gaskata da ita sosai ba sai a 1969, lokacin da ayarin masana daga Culham ta Ingila suka je Mosko da na'urar leza, suka auna zafin tokamak T-3, suka tabbatar ya kai kimanin digiri miliyan 10.

Zafin farko yakan zo ne daga lantarkin da ake turawa ta cikin filasmar, kamar yadda waya ke zafi idan wuta ta bi ta cikinta. Sai dai filasma tana da wata ɗabi'a mai ban takaici, domin duk lokacin da ta ƙara zafi sai turjiyarta ga lantarki ta ragu, zafin da take samu ta wannan hanya shi ma ya ragu, har ya tsaya nesa da inda ake so. Daga nan sai an shigo da zafi daga waje, ko dai ta harba ƙwayoyi masu gudu cikinta, ko ta igiyar rediyo.

A cikin maganaɗisu, kowace ƙwaya mai lantarki tana tafiya tana wulwulawa, kuma yawan wulwulawarta a daƙiƙa guda ya dogara ne ga nauyinta da ƙarfin maganaɗisun da take ciki. Idan aka aiko da igiyar da bugunta ya yi daidai da wannan wulwulawa, ƙwayar za ta riƙa samun turi a kowane zagaye, kamar yaro a kan lilo da ake turawa daidai lokacin da ya dawo, wanda ƙaramin turi a kai a kai ke kai shi sama, alhali turin da ya saɓa lokaci ba ya ƙara masa komai. Ƙwayar da ta sami gudu sai ta yi ta karo da maƙwabtanta, ta raba musu abin da ta samu, filasmar duka ta ɗauki zafi. Thomas Stix na Jami'ar Princeton yana cikin waɗanda suka aza harsashin wannan fanni tun ƙarshen shekarun 1950.

Cibiyoyin zarra suna da nauyi, saboda haka wulwulawarsu ba ta da sauri sosai, kuma igiyar da aka tsara musu a babbar tokamak ta ITER da ake ginawa a Faransa tana tsakanin megahaz 40 da 55. Wannan ya faɗo ne tsakanin gajeren zango, wanda ke ƙarewa a megahaz 30, da zangon FM da ke farawa daga wajen 88, ma'ana dai igiyar da ake son ta kunna wutar taurari maƙwabciya ce ga tashoshin da ake kamawa a rumfar mai shayi a Ɗambatta. Bambancin yana wajen ƙarfi, domin eriya guda a tokamak tana zuba miliyoyin wat a cikin ɗaki ɗaya. Nan ne kuma wahalar aikin take, saboda irin wannan igiya ba ta iya tsallaka sararin da ke tsakanin bango da filasma idan ya yi faɗi, dole eriyar ta matso dab da wutar, idan kuma ta matso sai ƙarfen jikinta ya riƙa zubar da ɓurɓushi cikin filasmar, ɓurɓushin ya sanyaya ta. A tokamak ASDEX Upgrade da ke Garching a Jamus an rage wannan illa ta hanyar sake fasalin eriyar zuwa mai sanduna 3.

Ilektaron kuwa ba su da nauyi, suna wulwulawa kusan sau biliyan 28 a daƙiƙa a kowane tesla guda, wato ma'aunin ƙarfin maganaɗisu, don haka igiyarsu a ITER ta kai gigahaz 170. Na'urar da ke samar da ita, jairotoron, an ƙirƙiro ta ne a birnin Gorki na Rasha a shekarun 1960, kowace guda tana ba da kimanin megawat 1, kuma tagar da igiyar ke fita ta cikinta da lu'ulu'un da aka haɗa a masana'anta ake yin ta, saboda gilashi ba zai jure ba. Fa'idar wannan igiya ita ce saiti: tun da ƙarfin maganaɗisu ya fi yawa a gefen ciki na zoben yana raguwa zuwa waje, zaɓen bugun igiya daidai yake da zaɓen wurin da zafin zai sauka, har akan auna ta kan inda filasma ta fara yamutsewa a kwantar da yamutsin kafin ya rushe komai. Akwai kuma igiya ta uku, mai 'yan gigahaz kaɗan, wadda Nathaniel Fisch ya nuna a 1978 cewa za ta iya tura lantarki a cikin filasma ba tare da yankewa ba. Da taimakon igiyoyin rediyo tokamak EAST ta birnin Hefei a Sin ta riƙe filasma daƙiƙa 1,066 a Janairun 2025, sannan WEST ta Faransa ta kai daƙiƙa 1,337 a watan da ya biyo baya.

Wajibi ne a auna waɗannan nasarori da ma'aunin gaskiya. Tokamak JET ta Culham ta fitar da megajul 69 a cikin daƙiƙa 5 a 2023, daga makamashin da nauyinsa bai wuce miligiram 0.2 ba, amma abin da ta ci ya fi abin da ta bayar. ITER, wadda Tarayyar Turai da Amurka da Rasha da Sin da Japan da Indiya da Koriya ta Kudu ke ginawa a kudancin Faransa, an tsara ta karɓi megawat 50 na zafi ta fitar da 500, ba za ta ba kowa lantarki ba, kuma bisa jadawalin 2024 sai a 2039 za ta fara aiki da diyutiriyam da tiritiyam. Megawat 50 ɗin nan kaɗai ya ninka tashar hasken rana ta Challawa, wadda aka buɗe a Kano a Janairun 2023, har sau 5. Duk wanda ya ce wa mai noman rani a bakin madatsar Watari ta Bagwai ya jira wannan wuta don injin ban ruwansa, ya yaudare shi; farantin sola shi ne abin da ke hannu.

Abin da ya kamata ya dami masu tsara ilimi shi ne babu ƙasar Afirka ko ɗaya a cikin mambobin ITER. Najeriya tana da ƙaramar na'urar nukiliya ta bincike, NIRR-1, a Cibiyar Binciken Makamashi da Horarwa ta Zariya tun 2004, mai ƙarfin kusan kilowat 30, wadda ke aiki ta hanyar tsaga ƙwayoyin yuraniyam, kuma ana amfani da ita wajen gano sinadaran da ke cikin ƙasar noma da ma'adinai da abinci. Ƙaramin ɗakin gwajin filasma bai kai tsadar irin wannan na'ura ba, ilimin eriya da na'urorin watsa igiya kuma ana koyar da shi a sassan injiniyan lantarki na Jami'ar Bayero da ta Ahmadu Bello, ga shi Najeriya mamba ce a Hukumar Makamashin Nukiliya ta Duniya tun 1964, hukumar da ke tara masana haɗewar ƙwayoyin zarra duk bayan shekara 2. Ya rage ga jami'o'in nan da gwamnatocin jihohin arewa su ware guraben karatu a kimiyyar filasma, su tura ɗalibai inda ake gwaje-gwajen, su kuma tanadar musu wurin aiki idan sun dawo.