Firigeti, Idon Rundunar Teku

A zamanin da ba a ƙago jirgin ruwa mai inji ba, iska ce ke tura jiragen yaƙi da filafilai. Ingila da Faransa sun sha gwabzawa a teku da irin waɗannan jirage, musamman daga 1793 zuwa 1815. Manyan jiragen sukan ɗauki igwa 74 ko fiye, jere a bene biyu ko uku. Amma akwai wani matsakaici wanda Turawa ke kira firigeti. Shi igwoginsa daga 28 ne zuwa 44, manyansu duk a bene guda, mutanen cikinsa kuwa kamar 200 zuwa 300. Bai kai manyan ƙarfi ba, amma ya fi su gudu.

Saboda gudun nan nasa aka ba shi aikin leƙen asiri, da kai saƙo, da rakiyar jiragen fatake, da kama na abokan gaba. In rundunar teku ba ta da shi, to ta zama makauniya. A 1798 Nelson, babban jarumin Ingila, ya yi ta kai da kawowa a Bahar Rum yana neman jiragen da suka ɗauki Nafoliyon zuwa Masar, bai gan su ba don ƙarancin firigeti. Sai ran 1 ga Agusta ya iske su a Abukir, bayan sojan Faransa sun riga sun sauka.

To, Faransawa gwanaye ne wajen ƙera jirgi, har Ingilishi in sun kama nasu sukan gyara shi su yi yaƙi da shi. Me ya sa ke nan Ingilishi suka fi samun nasara? Dalili na farko, juyin mulkin da aka yi a Faransa a 1789 ya sa ƙwararrun hafsoshi da yawa sun gudu. Na biyu, Ingilishi sukan tsare bakin tashoshin Faransa wata da watanni, watau su kullum suna kan ruwa suna ƙara gwaninta, Faransawa kuwa suna zaune a gaɓa. Na uku, Faransawa sun fi auna filafilai da igiyoyi, Ingilishi kuwa sukan matso kusa su buga cikin jirgin inda mutane suke.

Ga misali. Ran 18 ga Yuni 1793, jirgin Ingila mai suna Nymphe, wanda Edward Pellew ke shugabanta, ya gamu da Cleopatre na Faransa kusa da gaɓar kudancin Ingila. Ba a cika awa guda ba aka karya wa Cleopatre jigo ɗaya, aka farfasa abin juya ta, ta zo ta yi karo da Nymphe, Ingilishi suka haura suka kama ta. Shugabanta Mullon ya mutu yana yaƙi, Pellew kuwa ya aika wa matarsa da taimako don girmama jaruntakarsa. Abin lura shi ne, ita Nymphe ɗin ma Faransawa suka ƙera ta, a 1780 aka ƙwace ta daga hannunsu.

Kada kuma a ɗauka Ingilishi ba a kā da su. A Agusta 1810, a tsibirin Morishas cikin Tekun Indiya, suka kutsa wata mashiga mai duwatsu a ƙarƙashin ruwa, ba su san hanyarta sosai ba. Biyu daga jiragensu suka kafe, dole suka ƙone su da hannunsu, Faransawa suka kama sauran biyun.

Ashe dai katako da igwa ba su yin yaƙi, sai mutumin da ya san aikinsa tun kafin ranar ta zo. Mu ma da ke shirin tsayawa gaban yara, mu tuna ba a fafe gora ranar tafiya.