Jirgin da ake kashe wa inji a sararin sama: Yadda ake kula da injinsa

A harkar sufurin sama, mutuwar inji lamari ne da kowane matuƙi ke fatan kada ya gani. Amma akwai wani ƙaramin jirgi da matuƙinsa ke kashe injin da hannunsa, da gangan, bayan ya yi nisa a sama, sannan ya ci gaba da shawagi a kan iska mai ɗumi da ke tasowa daga ƙasa, kamar yadda ungulu ke yi da tsakar rana ba tare da ta kaɗa fiffike ba. Wannan shi ne jirgin shawagi mai inji. Ya fi yawa a Jamus, inda ƙungiyoyin masu sha'awar tuƙi ke haɗa kuɗi su saya, kuma bisa ƙa'idar Turai ba ya ɗaukar fiye da mutum biyu, nauyinsa kuma ba ya wuce kilo 850.

Jiragen iri biyu ne. Na farko yana da inji da farfela a hanci kamar sauran ƙananan jirage, irin su Scheibe Falke da Grob G 109. Na biyu injinsa a ɓoye yake cikin gangar jirgin, bayan kujerar matuƙi; idan an buƙace shi sai a danna maɓalli ya fito, idan an gama a mayar da shi a rufe. Kowannensu da irin ciwon kansa, amma tushen matsalar ɗaya ne: inji ne da ba ya aiki sosai, ana kuma so ya tashi nan take a lokacin da babu damar sake gwadawa.

Duk wanda ya taɓa ajiye janareta wata shida bai tayar ba ya san abin da zama ke yi wa inji. Fetur yana lalacewa ya toshe kafireto, tiyon roba yana bushewa ya tsage, danshi yana haifar da tsatsa a cikin silinda, batir kuma yana sauka. Mai jirgin da injinsa ke ɓoye zai iya yin shawagin sa'o'i biyar alhali injin bai yi aikin minti goma ba. Shi ya sa dokokin kula da waɗannan injuna ba su tsaya ga ƙirga sa'o'in aiki kaɗai ba, suna ƙirga watanni da shekaru ma.

A ƙasashen Tarayyar Turai, Hukumar Kiyaye Lafiyar Jiragen Sama ta EASA da ke birnin Kolon ce ke shimfiɗa ƙa'ida. Ƙarƙashin dokar ƙananan jirage da ta fara aiki a watan Maris na 2020, jirgin shawagi mai inji a hanci yana shan cikakken bincike duk shekara ko duk bayan sa'o'i 100 na tashi, wanda ya riga zuwa. Banda wannan, jirgin yana buƙatar takardar shaidar cancantar tashi da ake sabuntawa shekara-shekara. A Amurka ma binciken shekara wajibi ne, sai dai na sa'o'i 100 ya fi shafar jiragen da ake ɗaukar mutane ko koyar da tuƙi da su don kuɗi.

Me ake dubawa? Injin Rotax 912, wanda ake ƙerawa a Ostiriya kuma ya mamaye sababbin jiragen wannan aji, ya isa misali. Injiniya yana auna matsin kowace silinda don gano ko fistin ko bawul na zubar da iska. Yana cire fulogogi ya karanta launinsu, domin launin fulogi yana faɗin yadda wuta ke ci a ciki. Yana yanka filtar mai ya baje takardarta a ƙarƙashin haske, yana neman ɓurɓushin ƙarfe. Akwai kuma wani ɗan noti mai maganaɗisu da aka dasa a jikin injin musamman don ya kama irin wannan ɓurɓushi. Idan aka kwance shi aka tarar ya tara da yawa, alama ce cewa wani abu yana cin kansa a ciki, tun kafin kunne ya ji wani sauyi a ƙarar injin. Hatta 'yan ƙananan robobin da ke iyo a cikin kafireto suna daidaita shigar fetur, ɗora su ake yi a kan sikeli: idan biyun sun haura giram 7, sun sha fetur sun yi nauyi ke nan, dole a canja su. Bayan an ɗaure muhimman notuna, ana kulle su da siririyar waya don kada girgiza ta kwance su.

Kamfanin ya kuma ƙayyade cewa a canja tiyoyin mai da na ruwa da sauran kayan roba duk shekara 5, ko da ido na ganin su garau. Nan ne masu jirage suka fi ƙorafi, domin aiki ne mai cin kuɗi a kan kayan da ba su nuna gajiya ba. Sai dai roba daga ciki take fara ruɓewa, kuma tiyon fetur da ya tsage kusa da salansa mai zafi gobara ce a wurin da ba a iya tsayawa a fita.

Babban batu shi ne garambawul, wato a sauke injin a warware shi gaba ɗaya. A farkon fitowar Rotax 912, wa'adin sa'o'i 600 ne. Da aka tara shaidar juriyarsa, aka riƙa ɗagawa har ya kai sa'o'i 2,000 ko shekara 15. A jirgin da ba ya tashi sosai, shekarun ne ke riga cika. Dokar Turai ta 2020 ta ba mai jirgin da ba na haya ba damar wuce wannan wa'adi idan bincike ya nuna injin lafiya lau yake, amma da sharaɗin ya sa hannu cewa alhakin yana wuyansa. Sassauci ne mai ma'ana, ko da yake yana jarraba gaskiyar mutum a daidai lokacin da aljihunsa ke ba shi wata shawara.

Abin da babu sassauci a kansa shi ne umarnin gaggawa na hukuma. A 2013, bayan ƙarfen da ke riƙe da farfela ya karye a wani inji ƙirar Solo 2350 C har farfelar ta rabu da jirgin, EASA ta haramta tayar da irin wannan injin sai an yi masa gyara. Jiragen sun ci gaba da shawagi, amma injinansu a rufe. Irin waɗannan injuna da ke fitowa daga gangar jirgi suna da girgiza sosai, don haka bel da igiyoyin da ke riƙe su da ƙofofin da ke rufe su duk suna cikin abin dubawa.

Wani abin da zai ba mai karatu a Najeriya mamaki shi ne, injunan Limbach da ke cikin tsofaffin jiragen Falke da Grob sun samo asali ne daga injin Volkswagen mai sanyaya kansa da iska, dangin na motar Beetle da aka riƙa haɗawa a Legas tun 1975. Tsohon makanikin da ya saba da wannan mota zai gane fasalinsa da kallo ɗaya, har da daidaita bawul da ake yi masa a kai a kai. Amma ba zai iya sa masa hannu ba. Mai jirgi da ke da lasin tuƙi an yarje masa ƙananan ayyuka kamar canjin mai da fulogi. Abin da ya wuce haka sai injiniya mai lasi, kuma kowane aiki sai an rubuta shi a littafin tarihin injin, da kwanan wata da sa'o'i da sa hannu. Injin da littafinsa ya ɓata darajarsa takan faɗi a kasuwa, komai kyawun ƙararsa.

Duk da wannan tsari, makarantun tuƙi suna koyar da cewa kada a jingina rai da injin. Ana umartar matuƙi ya nemi tayar da shi tun yana da tazara mai yawa daga ƙasa, kuma a saman filin da zai iya sauka idan ya ƙi tashi, domin injin da ya fito daga gangar jirgi bai kama ba yana tare iska, ya sa jirgin ya riƙa sauka da sauri fiye da da. Kafin tashi kuwa, mai injin Rotax yakan tabbatar makunnin a kashe yake, ya buɗe murfin tankin mai, ya juya farfela da hannu a hankali har sai ya ji tankin ya yi gyatsa, alamar man da ya kwanta a ƙasan injin ya dawo. Sai a lokacin ne sandar awon mai take nuna adadin gaskiya.