Lissafin Damana: Yaya Ake Hango Ruwan Bana Tun Bai Zo Ba?

Kowace shekara, da watan Mayu ya kama, tambaya ɗaya ce a bakin manomi, tun daga Gaya har Tanut: a yi shuka da ruwan nan, ko a dakata? Wanda ya yi gaggawa, in ruwa ya ɗauke, sai irinsa ya tsiro ya ƙone. Tiya biyar ko goma ta iri ta tafi a banza, ga shi rumbu ya yi ƙasa. Wanda ya yi jinkiri kuwa, sai ruwa ya janye hatsinsa bai nuna ba. Makiyayi ma yana da tasa tambayar: ciyawar bana za ta kai bisashe har wata damana?

Tun kaka da kakanni mutanen karkara suna da alamunsu. In shamuwa ta iso gari, an san damana ta kusa. In gawo ya fara zubar da ganye, haka nan ne. In iska ta bar hurowa daga gabas da arewa, ta juyo daga kudu maso yamma da sanyin laima, dattijai sukan ce a gyara kalme. Da tsohuwar zuma ake magani. Ma'aikatan meteyo, wato masu binciken yanayi, su ma da alamu suke aiki. Bambancin kawai, nasu alamun lambobi ne da layuka a kan takarda, kuma ana ajiye su shekara da shekaru.

Mene ne milimita?

Aikin yana farawa daga ma'aunin ruwan sama. Wani gwangwani ne mai faɗin baki, ana kafa shi a fili, nesa da itace da katanga. Kowace safiya mai kula da shi yakan duba ruwan da ya taru, ya rubuta lambar a littafi. Lambar nan ita ce milimita.

Milimita 1 na nufin lita 1 ta ruwa ta zuba a kan fili mai tsawon mita 1 da faɗin mita 1. A gona mai hekta 1, lita 10,000 ke nan, wato tano 50 mai cin lita 200. To, in rediyo ya ce an samu milimita 20 a wani gari, kowace hekta ta garin ta sha tano 1,000. Da mutum ya ce "an yi ruwa mai yawa", kowa da yadda zai fahimta. Amma milimita 20 a Maraɗi ita ce milimita 20 a Tawa.

In aka tara lambobin shekaru da yawa, sai a san rabon kowace ƙasa. Gaya takan samu kusan milimita 800 a shekara. Maraɗi wajen 500. Damagaram wajen 400. Agadas ba ta cika kaiwa 200 ba. A kan taswira akan ja layi a haɗa garuruwan da ruwansu ya zo daidai. Layukan nan sun miƙe daga yamma zuwa gabas kamar kunya a gona, ruwa yana raguwa in an nufi arewa. Ko dokar 1961, wadda ta sa iyakar noma ta arewa don a bar wa makiyaya fili, ta bi wannan bambanci na ruwa tsakanin kudu da arewa.

Ka'idar shuka

Bayan farin da ya yi ɓarna a 1973, ƙasashen Sahel suka kafa ƙungiyar CILSS don yaƙi da fari. A 1974 aka buɗe cibiyarta ta AGRHYMET a Yamai, inda ake horar da ma'aikata, ana kuma tara labarin ruwa, da gonaki, da makiyaya. Fari ya sake dawowa a 1984, sai aka ƙara ba aikin ƙarfi.

A 1988 wani masani mai suna Sivakumar, wanda ya yi aiki a tashar bincike ta ICRISAT da ke Sadore, kudu da Yamai, ya binciki littattafan ruwa na garuruwa masu yawa. Ya fitar da ka'ida mai sauƙi. Damana ta kama da gaske in, bayan 1 ga Mayu, an samu aƙalla milimita 20 cikin kwana 3 a jere, kuma a cikin kwana 30 masu zuwa ruwa bai ɗauke fiye da kwana 7 ba. Ya kuma gano cewa ranar farawar damana tana sauyawa ƙwarai daga shekara zuwa shekara, amma ranar ƙarewarta ba ta cika gusawa da yawa ba.

Amfanin wannan ga manomi a fili yake. In damana ta kama da wuri, akwai kwanaki isassu, ana iya shuka iri mai daɗewa. In ta makara, kwanakin sun ragu, sai a nemi iri mai saurin nuna, kamar hatsin HKP da ke nuna cikin wajen kwana 90. Rabin ka'idar na farko kowa zai iya dubawa da ma'auni. Rabi na biyu kuwa, wato ko ruwa zai ɗauke a gaba, nan ne ake bukatar hasashe.

Teku da kwamfuta

Ruwan Nijar daga teku yake tasowa. Iskar kudu ce ke kwaso laima daga tekun Atilantika, ta haɗu da busasshiyar iskar hamada. Inda suka haɗu, masu meteyo suna zana shi da layi ɗaya a taswira. Layin yakan hau arewa daga bazara, ya kai maƙura a watan Agusta, sannan ya koma kudu. Ruwa yana zuba ne a kudancin layin.

A 1986 masana na ma'aikatar meteyo ta Ingila suka nuna cewa ruwan Sahel yana da alaƙa da ɗumin ruwan teku. In tekun arewa ya fi na kudu ɗumi, damana takan yi kyau. In wani yanki na tekun Pasifik ya ɗau zafi fiye da kima, abin da ake kira El Nino, ruwa yakan ragu a Sahel. Teku ba ya saurin huce zafinsa, shi ya sa ɗuminsa na watan Afrilu ke ba da labarin watannin gaba.

Masana sun rubuta dokokin iska, da zafi, da laima cikin harshen lissafi. Sun yanka duniya gida-gida kamar ramukan dara. Kowane gida da lambobinsa. Kwamfuta takan lissafa yadda kowane gida zai taɓa maƙwabcinsa, awa bayan awa. Wannan shi ne samfuri: kwaikwayon duniya a cikin lissafi. Tun 1998 masanan Afirka ta Yamma suke taruwa kowace shekara kafin damana, tare da AGRHYMET da cibiyar ACMAD da ke Yamai, su gwada samfura dabam-dabam, su fitar da hasashe ɗaya.

Lambobi uku

Hasashen damana ba ya cewa ran kaza za a yi ruwa a gonar wane. Lambobi uku yake bayarwa. Misali 45, 35, 20. Ma'anarsu ita ce, cikin shekaru 100 masu irin alamun bana, 45 sukan fi ruwan da aka saba, 35 sukan zo daidai, 20 sukan kasa. Abin da ake kira "ruwan da aka saba" shi ne matsakaicin shekaru 30, daga 1991 zuwa 2020.

Saboda haka hasashe ba duba ba ne, ba kuma alkawari ba ne. Sanin gaibu sai Allah. Ko an ce 45, akwai 20 ɗin nan a gefe. Ruwa kuma yakan zuba a wannan ƙauye ya tsallake na kusa da shi. Amma gargaɗi yana da rana. A 2024 hasashe ya nuna ruwa zai fi yadda aka saba a Sahel ta tsakiya. Haka kuwa aka yi. Ambaliya ta rushe gidaje a Maraɗi da wasu jihohi, har tsohon masallacin Damagaram ya faɗi a watan Satumba. A irin wannan shekara, mai gona a fadama da mai gida a bakin kwari su ne ya kamata su fara shiri.

Lissafin makiyayi

Ma'aikatan kiwo suna da tasu alamar. Sukan ɗauki saniya mai nauyin kilo 250 a matsayin ma'auni. Irin wannan saniya tana bukatar busasshiyar ciyawa kilo 6 da kwata a yini. Cikin kwana 270 na rani, kusan kilo 1,700 ke nan. Da kaka akan yanki ciyawa a wurare da aka zaɓa, a shanya, a auna, a haɗa da hotunan tauraron ɗan Adam. Sai a gwada ciyawar da ke akwai da yawan dabbobi. In lissafi ya nuna giɓi, makiyayi yana da dama ya sayar da wasu tun suna da ƙiba da daraja, ya sayi dusa tun ba ta yi tsada ba, ko ya tashi da wuri.

Aikin ƙauye

Samfuri ba ya rayuwa sai da lambobi na gaskiya, kuma lambobin daga karkara suke fitowa. Wanda ya koyi karatu da rubutu a ajin yaƙi da jahilci ya isa ya riƙe ma'aunin ƙauyensu. Littafi ɗaya da alƙalami sun wadatar. Ya rubuta ranar ruwa da milimita nawa, ranar shuka, ranar isowar shamuwa, da damin da aka samu a kaka. Ya saurari labarin meteyo a rediyo, ya tambayi malamin gona abin da bai gane ba. Bayan shekara goma, ƙauyen zai san wace alama ce ke faɗin gaskiya a ƙasarsa. Rigakafi ya fi magani.