Iska da Fetur: Saita Kafireton Tsohon Babur Domin Babban Gudu



Na san wasunku sun yi mamakin ganin sunan malamin Hausa a ƙarƙashin wannan take. Hujjata ita ce, harshen da ya karɓi kalmomin kafireto da totur da fulogi da salansa, ya kamata ya iya bayyana aikin da waɗannan abubuwa suke yi. Akwai kuma wani dalili. Lokacin da nake karatu a Ingila na sayi wani tsohon babur, na cire masa matacin iska don na ji an ce haka ke ƙara gudu. Ya kuwa yi gudun, na kamar mil 10. Daga nan sai ƙarfi ya ɗauke, hayaƙi ya turnuƙe. Da wani dattijon makaniki ya kwance injin, sai ga huda a tsakiyar fistan wadda ɗan yatsa zai shige. Abin da zan faɗa muku yau shi ne darasin da wannan huda ta koya mini.

Babur ɗin da za mu yi misali da shi

Za mu ɗauki Triumph Bonneville T120, wanda aka fara sayarwa a 1959. Injinsa mai silinda 2 ne, girmansa cc 649, yana kuma ba da ƙarfin doki 46 idan yana juyi 6,500 a minti. Kowace silinda da nata kafireto, ƙirar kamfanin Amal na birnin Birmingham. Na farkon ana kiransu Monobloc, daga 1967 kuma aka fara komawa ga samfurin Concentric. Na zaɓe su ne saboda sauƙin ƙirarsu. Wanda ya fahimce su zai fahimci kafireton yawancin tsofaffin baburan Honda da Yamaha da Suzuki da muka sani a ƙasar nan, domin ƙa'idar ɗaya ce.

Aikin kafireto

Fetur ba ya ci da wuta sai da iska. Domin ya ƙone ƙurmus, kowane awo 1 na fetur yana bukatar awo 14.7 na iska, bisa nauyi. Amma inji ya fi ba da ƙarfi idan aka ɗan ƙara mai, watau kamar awo 12.5 zuwa 13 na iska ga awo 1 na fetur. Aikin kafireto shi ne ya haɗa wannan gauraye daidai, a kowane hali.

Ba famfo a cikinsa. Iskar da fistan ke zuƙa tana bi ta wani maƙogwaro wanda ya tsuke a tsakiya. Inda ya tsuke sai iska ta ƙara sauri, inda kuma ta ƙara sauri sai matsinta ya ragu, kamar yadda Bernoulli ya bayyana tun 1738. Wannan raguwar matsi ita ke tsotso mai daga wani ɗan kofi da ke ƙarƙashi, ya bi ta jet, watau wata 'yar kusar tagulla mai huda. A cikin maƙogwaron akwai wani ƙyaure mai siffar gwangwani, wanda wayar totur ke ɗagawa. A gindin ƙyauren kuma akwai allura mai tsini, wadda ke toshe wani ɓangare na hanyar mai. Da an murɗa totur, ƙyaure ya tashi, allura ta zaro, iska da mai suka ƙaru tare.

Matakai huɗu na totur

To, ga inda mutane da yawa ke kuskure. Kafireto irin wannan yana raba aikinsa ne bisa yawan buɗewar totur. Daga rufe zuwa kashi 1 cikin 8, ƙaramar hanyar mai da sukurun iska ke aiki. Daga nan zuwa rubu'i, giɓin da aka yanke a gindin ƙyaure ke da iko: babban giɓi yana rage mai, ƙarami yana ƙarawa. Daga rubu'i zuwa kashi 3 cikin 4 aikin allura ne. Daga nan zuwa ƙarshe allura ta riga ta kauce, sai babban jet kaɗai ya rage.

Saboda haka wanda babur ɗinsa ke shaƙewa idan ya ƙure totur, ya kuma kama murɗa sukurun iska, ya bar jaki ne yana dukan taiki. Abin da ya dace shi ne a manna ɗan tef a hannun totur, a yi alamar rubu'i da rabi da ƙarshe, a hau a lura da daidai inda matsalar take.

Me ya sa babban gudu ya fi hatsari?

Idan inji yana juyi 6,500 a minti, kowace silinda tana zuƙa sau 3,250, watau kimanin sau 54 a daƙiƙa guda. Zafi na taruwa, abin sanyaya wannan inji kuwa iskar hanya ce kawai. Ɗan rarar man da ke cikin gauraye yana taimakawa wajen rage zafin. In mai ya yi yawa, asarar kaɗan ce: inji zai yi nauyi, ya riƙa sarƙewa, salansa ta yi baƙin hayaƙi, fulogi ya yi baƙi. In kuwa mai ya yi ƙaranci, zafi zai hau, gauraye ya fara fashewa ba bisa ƙa'ida ba, a ji wata ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani. Fistan na alminiyam ne, alminiyam kuma yana narkewa a digiri 660 na ma'aunin Selshiyos. Abin da ya faru da nawa ke nan. Da na cire matacin iska, iska ta ƙaru, jet kuwa yana nan yadda yake. Abin takaici, injin da ke cikin wannan ƙishirwa yakan yi daɗin tuƙi gab da lalacewarsa.

Daga nan ƙa'ida ta farko ta fito: a fara da jet wanda ya ɗan fi girma, a riƙa saukowa mataki-mataki.

Kafin a taɓa kafireto

Ba a fafe gora ranar tafiya. Da farko a tabbata wuta daidai take, domin raunin wuta a babban gudu yana kama da matsalar mai ƙwarai. A kan Bonneville, tartsatsi kan tashi ne digiri 38 kafin fistan ya kai ƙololuwa idan inji ya ɗauki gudu. A duba ratar bawul. A duba ko iska na satar shiga ta mahaɗar kafireto da inji. A cire tiyon mai a ga ko yana zuba sosai, a kuma duba 'yar hudar da ke murfin tanki, domin in ta toshe mai zai ɗauke bayan 'yan mintoci ana gudu. Sannan a tabbata ƙyauren kafireto biyun suna tashi a lokaci guda. Ana iya gane haka ta sa yatsa a bakin kowane, wani ya murɗa totur a hankali, inji a kashe.

Yadda ake saitawa

Tsarin da kamfanin Amal ya shimfiɗa shi ne a fara da babban jet, sannan ƙaramar hanya, sannan giɓin ƙyaure, sannan allura, a ƙarshe a koma a gyara ƙaramar hanya. Gwajin babban jet kuwa ga shi. Bayan inji ya yi ɗumi, a sami miƙaƙƙiyar hanya wadda ba jama'a, in ta ɗan yi hawa ya fi, a ƙure totur a babbar giya. Sai a ɗan sassauta kaɗan. In babur ya ƙara ƙarfi da aka sassauta, jet ya yi ƙanƙanta. In kuwa yana nauyi yana sarƙewa a ƙure, ya yi girma. Lambar da ke jikin jet ɗin Amal tana nuna yawan man da yake wucewa, saboda haka mai lamba 200 ya fi mai 190 ba da mai.

Shaida ta biyu fulogi ne. Ana cikin gudun sai a kama kuloci, a kashe wuta nan take, a tsaya, a kwance shi. Ruwan ƙasa-ƙasa alama ce mai kyau. Baƙi mai toka, mai ya yi yawa. Fari fat, ko mai ɗigo-ɗigon ƙarfe, a tsaya nan, kada a ƙara tafiya. Sai dai a sani, an daina sayar da fetur mai darma ga motoci a duniya baki ɗaya a 2021, man yanzu kuma ba ya rina fulogi kamar na da. Don haka kada a dogara da launi shi kaɗai.

Ita kuwa allura, tana da tsage-tsage a samanta inda ake maƙale ta. Ɗaga ta yana ƙara mai, saukar da ita yana ragewa. In babur yana jinkiri ko tari tsakanin rubu'i da kashi 3 cikin 4, a ɗaga ta tsaga ɗaya a gwada. Ƙa'ida ta biyu ke nan: abu ɗaya ake sauyawa a lokaci guda, a rubuta shi a takarda.

Akwai kuma rabon mahayi. In aka fizge totur gaba ɗaya alhali inji bai ɗauki gudu ba, maƙogwaro zai buɗe wangame, saurin iska ya faɗi, tsotson mai ya yanke, babur ya yi kamar zai mutu. Wannan hali ne na ƙirar, maganinsa kuwa a murɗa totur daidai da yadda inji ke karɓa. Don kauce wa haka ne aka ƙera wani kafireto wanda zuƙar inji ce ke ɗaga ƙyaurensa, irin na Honda CB450 na 1965.

Wuri da yanayi

Lambar jet da ke littafin kamfani an tsara ta ne da iskar Ingila. Iska tana raguwa da tsayin ƙasa da kuma zafi. Jos tana kimanin mita 1,200 sama da teku, iskarta kuma ta gaza ta Legas da wajen kashi 10 cikin 100. Babur ɗin da aka saita a Legas zai ɗan shaƙe da mai a Jos. Wanda aka saita a Jos kuwa aka gangara da shi, shi ne abin tsoro, domin zai shiga ƙishirwa. Ƙurar hunturu ma tana toshe matacin iska ta sa mai ya yi yawa. Maganin wannan wanke mataci ne, kada a cire shi, kada kuma a rage jet.

Kammalawa

Jama'a, jet ɗan ƙaramin abu ne mai araha, fistan na babur ɗin da ya haura shekara 60 kuwa sai an yi oda daga waje, an kuma kwance inji. Wanda zai yi kuskure, gara ya yi shi ta wajen yawan mai. Ina kira ga ɗalibanmu da su je garejojin garin nan su tattara kalmomin da makanikai ke amfani da su a wannan aiki, domin na tabbata suna da sunayen da suka fi waɗanda na ƙirƙira yau dacewa.