Daga kwatocin birnin Zazzau zuwa dakalin teku

Mutumin da ke zaune a Ƙofar Doka ko Ƙofar Kuyambana ba kasafai yake kawo batun teku a ransa ba, domin tsakaninsa da Legas tafiyar yini ce cur a mota. Sai dai ruwan saman da ya wanke kwatocin birnin Zariya da gonakin bayan ganuwa ba a nan yake tsayawa ba. Yana gangarawa ta rafuka irin su Kubanni ya shiga Kogin Galma, Galma ya miƙa shi ga Kogin Kaduna, Kaduna ya zuba a Kwara, Kwara kuma ya haɗu da Binuwai a Lokoja, su nufi Tekun Atilantika tare da duk abin da suka kwaso.

Inda suke sauke kayan nan shi ne wurin da nake kira dakalin teku. Kamar yadda dakali yake a ƙofar gida, haka ƙasa ke miƙawa cikin ruwa a hankali, zurfinta bai cika wuce mita 200 ba, kafin ta zarce cikin rami mai zurfi. Faɗin wannan dakali bai kai kashi 10 cikin 100 na tekunan duniya ba, amma daga nan ake samun mafi yawan kifin da ake kamawa a teku.

Dalili shi ne, hasken rana na ratsa ruwan, koguna kuma na kawo naitirojin da fosfaras, wato sinadaran da ke cikin buhun takin zamani. Da su ne wasu ƙananan tsirrai dangin gansakuka, waɗanda ido ba ya gani, ke hayayyafa suna zuƙe iskar kabon. Ƙananan halittu su ci su, kifi ya ci ƙananan halittu, har busasshen kifi ya iso kasuwar Sabon Gari. Abin da ba a ci ba ya nitse; akasarinsa ya ruɓe ya mayar da sinadaransa cikin ruwa, ragowar kuma laka ta binne shi da kabon ɗinsa. Man fetur da gas na Neja Delta ragowar irin wannan binnewa ne na miliyoyin shekaru.

Mai karatu ya dubi wannan zagaye. Da gas ɗin ake yin takin yuriya a Eleme kusa da Fatakwal, a ɗoro shi a tirela zuwa Zariya, manomi ya saya da tsada ya watsa a bisa ƙasa. Da an yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, wani kaso ya bi iska, wani ya bi rafi ya kama hanyar komawa inda ya fito. Madatsar Shiroro, wadda ta fara aiki a 1990, tana tare laka, amma abin da ya narke a ruwa yana iya wucewa.

Kowane allazi da nasa amanu. Idan sinadaran suka yi yawa, gansakukar ta yi ambaliya, ta mutu, ruɓewarta ta cinye iskar da kifi ke shaƙa. A 2017 yankin da ya shaƙe haka a Tekun Meziko, inda Kogin Misisifi ke zubar da takin gonakin Amurka, ya haura murabba'in kilomita 22,000. Takin da muke amfani da shi bai kama ƙafar nasu ba, don haka tamu asarar a gona take farawa: ƙasa na ramewa, kuɗin manomi na bin ruwa. Amma garuruwanmu na cika, kwatocinsu kuma kogi suke fuskanta.

Kakanninmu sun san maganin abin. Da rani ake kwashe toka da kashin awaki da sharar gida, a ɗora wa jakuna a mangala, a fitar ta ƙofofin birni zuwa gona. Da kaka hatsi da kara su dawo ta ƙofofin nan. Abin da birni ya ci daga ƙasa yana mayar mata. Yau bola ta cakuɗe da leda, ta toshe kwata, ta cike kududdufai, damina ta yi gaba da sauran.

A ganina, aikin ba ya buƙatar jiran Abuja. Ƙaramar hukuma da masu unguwanni na iya ware wuraren tara shara mai ruɓewa dabam da leda, a mayar da ita taki. Malaman gona, da taimakon Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, su dage wajen koya wa manomi binne yuriya a gindin shuka da raba ta kashi biyu. A bar ciyawa da itatuwa a gefen rafi su riƙe ƙasa. Wanda ya yi haka ya tsare aljihunsa, ya kuma tsare abincin masuncin da bai taɓa gani ba. Allah Ya sa mu gane.